Maɓallin ƙara girman rubutu a shafukan intanet: wajibi ne ko ƙarin alheri?

Duk wanda ya taɓa zama a rumfunan 'yan doya na kasuwar Mile 12 a Legas, ko a Sabo ta Ibadan, ko Ama Hausa a Owerri, ya san wannan yanayi. Dattijo zai ciro waya daga aljihu, ya miƙar da hannu nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido, can sai ka ji ya ce, "Kai yaro, zo ka duba min, dubu ɗari biyar ce ko dubu hamsin?" Mutumin nan ya iya karatu sarai, lissafi kuwa ya fi yaron. Rubutun ne ya yi masa ƙanƙanta.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki da yawa ya koma ta waya. Kuɗin makarantar yara, neman gurbin karatu, rajistar jarabawa, sanarwar gwamnatin jiha, labarin gida, duk ta shafin intanet ake bi. Wanda ke zaune a kurmi, iyalinsa na Lafiya ko Doma ko Keffi, bai da wata taga da ta wuce wannan 'yar fuskar wayar. Shi ya sa tambayar da masu gina shafuka suka daɗe suna muhawara a kanta ta shafe mu kai tsaye: shin ya kamata kowane shafi ya saka maɓallin da mai karatu zai danna ya ƙara girman rubutu?

Wane maɓalli ake nufi?

Wasu shafuka kan saka alamomi uku a can sama: A-, A da A+. In ka danna A+ rubutu ya ƙara girma, in ka danna A- ya ragu, ta tsakiyar kuma ta mayar da shi yadda yake. Wasu kan yi amfani da alamar Aa. Mai shafin ne ke gina wannan da hannunsa.

Akwai kuma hanyoyin da ba ruwansu da mai shafi. Manhajar da kake buɗe intanet da ita, wato burauza irin su Chrome, Firefox, Safari da Opera Mini, tana da nata tsarin zuƙo shafi. Ita ma wayar tana da nata saitin girman rubutu. Muhawarar duka a nan take: tunda waya da burauza sun riga sun tanadi hanya, akwai buƙatar mai shafi ya ƙara tasa?

Su wa abin ya shafa?

Da yawa kan ɗauka maganar makafi ake yi. A gaskiya makaho ba ya amfana da babban rubutu. Shi manhajar da ke karanto rubutu da murya yake buƙata, irin su TalkBack a wayoyin Android da VoiceOver a iPhone. Masu buƙatar babban rubutu su ne waɗanda ke gani amma ganin ya yi rauni, kuma su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, na kusa ko na nesa, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki matsalarsu abin da za a iya karewa ne ko kuma ba a kai ga magance ta ba. Kaso mafi tsoka a cikin wannan biliyan ɗin, kimanin miliyan 826, masu raunin ganin kusa ne da ke zuwa da shekaru. Daga shekara 40 zuwa sama, madubin cikin ido kan fara tauri, ya daina lanƙwasuwa yadda ya saba, sai mutum ya ga dole ya nisanta takarda kafin ya karanta. Wannan ba ya barin kowa, malami ko ɗan kasuwa, mai kuɗi ko talaka.

A Najeriya, binciken ƙasa kan makanta da raunin gani da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13. In aka haɗa da masu matsakaici da matsanancin raunin gani, adadin ya kai wajen miliyan 4.25. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makanta, sai hawan jinin ido da likitoci ke kira gilakoma. Ga kuma zabiya, waɗanda galibinsu ke da raunin gani tun haihuwa, da masu ciwon suga da ya taɓa musu ido.

Mu masu karatu da Hausa muna da ƙarin dalili. Bambancin "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi", ko "daki" da "ɗaki", 'yar lanƙwasa ce guda a kan harafi. In rubutu ya yi ƙanƙanta, lanƙwasar ce ke fara ɓacewa. Mai karanta ajami ko larabci shi ma haka yake fama da ɗigo da wasulla.

Darasin Lafiya

Garin Lafiya, hedikwatar Jihar Nasarawa tun da aka ƙirƙiro jihar ranar 1 ga Oktoba, 1996, yana da tarihi na musamman a wannan fanni. Umaru Tanko Al-Makura, wanda ya mulki jihar daga 2011 zuwa 2019, mutum ne mai lalurar ji, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. A zamaninsa aka gina babbar makarantar yara masu buƙata ta musamman a Lafiya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Fabrairun 2018, ana koyar da makafi da kurame da masu lalurar gaɓɓai a cikinta. Jihar kuma tana da hukumar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman.

A matakin tarayya, Buhari ya sanya hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a watan Janairun 2019. Dokar ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko hukumar da ta nuna wariya, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da masu buƙata ta musamman. Kafin nan, a 2010, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, wadda sashe na 9 nata ya ambaci intanet ƙarara cikin abubuwan da dole a sauƙaƙa wa kowa.

To ga inda gizo ke saƙar. Idan ana zancen wannan doka, hankalin mutane kan tafi ga gangaren keken guragu a ƙofar ofis. Amma ofisoshi da yawa yanzu ƙofarsu ta farko shafin intanet ce. Yaron da ya gama makarantar musamman ta Lafiya, yake son shiga Jami'ar Tarayya ta Lafiya ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, ta intanet zai yi rajistar JAMB, ta intanet zai duba sakamako, ta intanet zai biya kuɗi. Mahaifinsa da ke Agege ko Fatakwal shi ma ta nan zai bi. Shafin da rubutunsa ba ya karantuwa, matakala ce marar gangare, sai dai ita ba a ganin ta daga bakin titi.

Abin da ƙa'idar duniya ta ce

Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin gina shafukan intanet, tana da kundin sauƙaƙa shafuka ga kowa da ake kira WCAG. Na farko ya fito a 1999, na biyu a Disambar 2008, aka sabunta shi a 2018 da kuma 2023. Ƙasashe da dama da shi suke auna shafukan gwamnatocinsu.

Sharuɗɗa huɗu a cikinsa sun shafi maganarmu:

- Sharaɗi na 1.4.4: dole mutum ya iya ninka girman rubutu zuwa kashi 200 cikin ɗari, wato ninki biyu, ba tare da wani rubutu ya ɓace ko wani maɓalli ya daina aiki ba.
- Sharaɗi na 1.4.10: in an zuƙo shafi sosai, layuka su sake jeruwa daidai faɗin fuskar, kada mai karatu ya riƙa jan shafi hagu da dama a kowane layi.
- Sharaɗi na 1.4.3: launin rubutu ya fita sosai daga launin bayansa, a ma'aunin 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum.
- Sharaɗi na 1.4.5: a guji saka rubutu a matsayin hoto in har za a iya rubuta shi.

Abin lura shi ne, kundin bai wajabta maɓallin A+ ba. Ya lissafa shi cikin hanyoyin da za a iya bi a cika sharaɗin, amma in shafi na girma lafiya lau ta hanyar burauza, an cika sharaɗi ko da babu maɓalli. Shi ya sa ƙasashe suka rabu. Shafukan gwamnatin Indiya da yawa na ɗauke da A-, A, A+ a samansu. Babban shafin gwamnatin Birtaniya kuwa, GOV.UK, bai saka ba. Ya zaɓi ya yi rubutunsa manya tun asali, ya kuma gina shafin yadda zai bi saitin mai karatu.

Asalin maɓallin

Maɓallin ya samo asali ne daga wata matsala ta farkon shekarun 2000. A lokacin, burauzar Internet Explorer 6 ce ke mulki, kuma ba ta iya ƙara girman rubutun da mai shafi ya ƙayyade da ma'aunin fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto a fuskar kwamfuta. Masu shafuka suka ga ba mafita sai su gina nasu maɓallin. Da Internet Explorer 7 ta fito a 2006 da tsarin zuƙo shafi gaba ɗaya, sauran burauzoji ma suka inganta nasu, sai wancan dalili na farko ya kau. Tun daga nan masana da yawa ke ganin maɓallin ya gama aikinsa.

Hujjar masu cewa ba sai an saka ba

Ta farko, maɓallin shafi ɗaya kawai yake gyarawa. Ka danna A+ a shafin jarida, ka koma shafin banki, ka sake tarar da ƙananan haruffa. Saitin waya kuwa sau ɗaya ake yin sa.

Ta biyu, kowane shafi da inda yake ɓoye nasa. Sau da yawa ma maɓallin kansa ƙarami ne, mai raunin gani ba zai hango shi ba.

Ta uku, da yawansu 'yar ƙara kaɗan suke yi, ba sa kai ninki biyun da ƙa'ida ta nema. Wasu kuma jikin labari kawai suke ƙarawa, su bar fom da jerin zaɓi yadda suke, alhali a fom ɗin ne kuskure ke jawo asara.

Ta huɗu, maɓalli kan zama rufa-ido. Akwai kamfanonin da ke sayar da wata 'yar manhaja da ake liƙa wa shafi, su ce da ita an gama da maganar masu buƙata ta musamman. A Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sanar da cewa ɗaya daga cikinsu, accessiBe, zai biya dala miliyan 1 kan zargin zuzuta abin da manhajarsa ke iya yi. Fenti ba ya gyara tsagaggen bango.

Hujjar masu cewa a saka

Su kuma waɗannan cewa suke, duk wancan bayani an gina shi ne a kan zaton kowa ya san saitin wayarsa. A kasuwanninmu ba haka abin yake ba. Mutum nawa ne aka saya wa waya, yaron shago ya saita masa, tun ranar bai sake leƙa saitin ba? Ga shi galibin wayoyin da turanci suke magana. Alamar A+ kuwa ba ta buƙatar fassara.

Na biyu, a gidaje da yawa waya ɗaya ake karɓa-karɓa tsakanin maigida, uwargida da yara. Haka kwamfutar shagon intanet da ake biya a yi rajista. Ba taka ba ce balle ka sauya mata saiti. A irin wannan hali maɓallin cikin shafi ya fi sauƙi.

Na uku, labarai da yawa ta Facebook ake shigo musu, kuma manhajar kan buɗe shafin a cikinta ne, inda zaɓin gyara rubutu bai kai na cikakkiyar burauza ba.

Na huɗu, zuƙowa da yatsu biyu, wadda ita kowa ya sani, tana ƙara girman komai ne kamar madubin ƙara gani. Layi ya fita daga fuskar waya, kana karatu kana ja. A gajeren saƙo babu laifi, amma a dogon labari wahala ce. Maɓalli mai kyau kuwa yana ƙara haruffa, layukan su sake zama daidai.

Ko manyan shafuka ba su yi watsi da wannan hujja ba. A 2024 Wikipedia ta ƙara wa masu karatu zaɓin girman rubutu uku a gefen shafi: ƙarami, daidai da babba.

Ina aka tsaya?

In aka auna hujjojin biyu, amsar ita ce: wajibin shi ne shafi ya yarda a ƙara masa girma ta kowace hanya ba tare da ya wargaje ba. Maɓalli ƙari ne, kuma a wajen masu karatu irin namu ƙari ne mai amfani, musamman a shafukan dogon karatu kamar na jaridu, makarantu, asibitoci da hukumomi. Amma tubali ake fara azawa kafin ado. Ga jerin abin da mai shafi, ko shugaban ƙungiya ko makarantar da ke biyan a gina mata shafi, ya kamata ya nema:

1. Rubutun asali ya zama mai karantuwa. Burauzoji sun ɗauki fiksel 16 a matsayin daidai. Kada jikin labari ya gaza haka.
2. A auna rubutu da ma'auni mai bin saitin mai karatu, wanda magina ke kira rem ko em, maimakon a ƙulle shi.
3. Kada a hana zuƙowa. Akwai layin umarni da wasu magina ke sakawa don kada yatsu biyu su yi aiki a shafin. Tun 2016 Safari ta iPhone ta daina biye masa, amma a wasu wayoyin har yanzu yana hanawa. A cire shi.
4. Sanarwa a rubuta ta, kada a ɗauki hoton takarda a ɗora. Hoto in an zuƙo shi dushewa yake, manhajar makafi ba ta karanta shi kai tsaye, ga cin data.
5. A zaɓi salon haruffa mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ, don kada su fito a karkace ko su koma akwati.
6. Baƙin rubutu a kan fari ya fi ruwan toka a kan fari, musamman ga mai karatu a tsakar rana a bakin rumfa.
7. In za a saka maɓalli, ya kasance babba, a sama, ya kai ninki biyu, ya shafi fom da komai, ya kuma tuna zaɓin mutum in ya koma wani shafi. A gwada shi a Opera Mini, domin a tsarinta na tsimin data wasu maɓallan ba sa aiki yadda aka tsara.
8. Kafin a biya magini cikon kuɗinsa, a miƙa wayar ga dattijo ko dattijuwa a ce su karanta, su cika fom. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da za ka iya yi yau da kanka

Ba sai ka jira masu shafuka ba.

A wayar Android, irin su Tecno, Infinix, itel da Samsung, shiga saiti, ka nemi sashen fuskar waya, ka duba inda aka rubuta Font size, ka ja zuwa girman da ya yi maka. Daga Android 14, wadda ta fito a 2023, ana iya kai shi ninki biyu.

A Chrome ta waya, danna ɗigo ukun nan na sama, shiga saiti, ka nemi inda aka rubuta Accessibility. A nan ake ƙara girman shafuka, a nan kuma akwai zaɓin tilasta wa shafi ya yarda a zuƙo shi ko da mai shi ya hana.

A iPhone, Safari na da alamar gyara shafi a gefen wurin rubuta adireshi. Danna ta za ka ga ƙaramin A da babban A.

A WhatsApp ta Android, cikin saitin hira akwai girman rubutu uku.

A kwamfuta, riƙe Ctrl ka danna alamar tarawa don ƙarawa, alamar ɗebewa don ragewa, sifili kuma ya mayar da shi daidai.

Matasa, wannan aikin minti biyu ne. Ka saita wa Baba ko Inna wayarsu sau ɗaya, ka hutar da su miƙa wa baƙo waya ya karanta musu saƙon banki. Wanda ke neman a duba masa alat kullum, sirrin cinikinsa ba ya hannunsa, wani lokaci har lambar sirrinsa. Sifili ɗaya da aka karanta ba daidai ba ya isa ya cinye ribar mota guda ta doya.

Kada waya ta ɓoye ciwo

Ƙara girman rubutu sauƙi ne, ba magani ba. In ka ga kana ƙarawa a kai a kai, lokacin ganin likitan ido ya yi. Raunin ganin kusa tabarau mai sauƙin kuɗi ke gyara shi. Yanar ido ana cire ta da aiki, gani ya dawo. Gilakoma kuwa mugun ɓarawo ne: yawanci ba ya ciwo, daga gefe yake fara cin gani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, sai dai a tsayar da shi in an gano da wuri. Mazauna Legas na da cibiyar ido a asibitin koyarwa na Idi-Araba, na Ibadan na da asibitin UCH, wanda ya je gida kuma ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. Duk wanda ya haura 40, ko mai ciwon suga, ko wanda a danginsu aka taɓa samun gilakoma, ya je a auna shi ko da yana jin ganinsa garau.